Shataletale Ko Danja?

Wata rana da yamma muna dawowa daga Kasuwar Kurmi ni da wani abokina ɗan cikin birni, sai A Daidaita Sahun da muka hau ta maƙale a wani shataletale. Motoci sun cushe, kowa ya tura hancin motarsa, ba mai gaba ba mai baya, sai ƙarar oda da zage-zage. Ba mu iso makaranta ba sai bayan magariba. Da muka shiga ɗaki abokin nan nawa ya ajiye kayansa ya ce shi dai bai ga amfanin shataletale ba, kayan Turawan mulkin mallaka ne, zamaninsa ya wuce, kamata ya yi a rushe su duka a kafa danja, watau fitilar nan mai ja da rawaya da kore, kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Na ce masa ban yarda ba. Sai ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai da ka fito daga Madobi ina ka san danja? Ai ku sai jaki ya gitta kuke taka birki." 'Yan ɗaki suka fashe da dariya, ni ma na taya su.

Amma a daren nan ban yi barci da wuri ba, domin akwai abin da ban faɗa masa ba. Maganar mahaɗar hanya ni ba hira ba ce a wurina, abu ne da ya taɓa gidanmu. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta amsar da na kasa ba shi a gaban jama'a, in kawo ta wannan mujalla tamu, ko 'yan'uwana ɗalibai da malamaina za su duba su ga inda na yi daidai da inda na kauce.

Bari in fara gaya wa mai karatu inda na fito. Madobi tana kudu maso yammacin birnin Kano, bayan an haye kogin Challawa, kuma maƙwabtanmu su ne mutanen Kura da Garun Malam, can gaba kuma ga Bunkure. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan magudanu zuwa gonakin wannan yanki, noman rani ya zama shi ne rayuwar jama'a. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, shekara ba ta yankewa. Mahaifina, kamar mutane da yawa daga ƙauyukanmu, yakan karɓi hayar gona a ɓangaren Kura, ya yi shinkafa da damina, ya yi tumatir da rani. A cikin wannan gona na yi wayo.

To, duk abin da aka noma a wannan ƙasa sai ya fito bakin titi guda, watau babban titin Kano zuwa Zariya. Wanda bai taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kwanduna jere har inda ido ya ƙare, manyan motoci suna lodi za su Kudu, ga akori-kura, ga babura, ga amalanke, ga yara masu talla, ga dillalai suna tsallaka titi da gudu. A tsakiyar wannan hada-hada kuwa ga motocin da suka taso daga Kaduna ko Abuja, direbobinsu sun ga Kano ta kusa, sun taka totur har ƙasa. Titi guda ne, amma mutum biyu ke amfani da shi: wanda yake ganin hanya ce ta wucewa, da wanda yake ganin ƙofar gonarsa ce. Inda waɗannan biyu suke haɗuwa, watau kwana ko mararraba, nan ne ake zubar da jini.

Ina aji uku na sakandare abin ya faru. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Yayana wanda nake bi ya ɗaure kwanduna biyu na tumatir a bayan babur, zai kai bakin titi. Hanyar da ta fito daga gonarmu takan faɗa babban titi kai tsaye, kuma dole ya tsallaka hannu ɗaya kafin ya kai inda masu saye suke. Ya tsaya ya duba, kamar yadda ya saba. Ya hango tirela tana tafe a hankali, ya auna ya ga zai wuce kafin ta iso, ya shiga. Ashe a bayan tirelar akwai ƙaramar mota da ta fito za ta wuce ta. Ita ce ta same shi a gefe.

Ni ina gona ina ɗibar tumatir aka zo aka kira mu. Da muka isa na tarar da kwalta ta yi ja, na ɗauka duk jini ne, ashe yawanci tumatir ne. Direban motar bai gudu ba. Dattijo ne mai furfura, yana durƙushe a gefen yayana yana kuka, yana ta maimaita cewa, "Wallahi na taka birki, wallahi na taka." Kuma gaskiya ya faɗa, domin ga sawun tayarsa nan baƙi ƙirin ya ja doguwar tsaga a kan kwalta. Shi ya ɗauki yayana a motarsa ya kai shi asibiti a Kano, ya kuma yi ta zuwa dubiya har aka sallame shi. Allah ya yi da sauran kwana, yayana ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Shinkafar da muka ajiye ta shekara ta tafi wajen magani, saniyar mahaifiyarmu ta bi ta. Mutumin da yake sungumar buhu shi kaɗai, yau yana zaune a ɗan shago yana sayar da sabulu da ashana.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Yayana ya duba kafin ya shiga. Direba ya taka birki. Kowannensu ya yi ɗan kuskure irin wanda kowane ɗan Adam yake yi sau goma a yini, amma aka biya shi da ƙafa. Daga baya na koyi lissafin da ya bayyana mini abin. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin idon direba ya gaya wa ƙafarsa ta taka birki, ya riga ya shafe tsawon fangali da yawa. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu da nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya sukan ninka sau huɗu. A irin wannan gudu, birki sai dai ya bar shaida a kan kwalta.

Bayan haɗarin samarin ƙauyen da ke kusa suka fusata, suka tara ƙasa da kututture a kan titi don tilasta wa motoci rage gudu. Bai yi mako ba aka kwashe, kuma da ma ba zai ɗore ba, domin tudun da ba shi da alama a kan babban titi shi ma tarkon mutuwa ne da daddare. Sai dattawa suka zauna suka ce a rubuta takarda a roƙi hukuma ta kawo danja. Da aka zo wa mahaifina da maganar bai ce uffan ba. Sai da muka koma gona washegari, muna ban ruwa, na tambaye shi, "Baba, me ya sa ba ka sa baki ba jiya?"

Ya nuna mini inda ruwa yake faɗowa daga magudana zuwa cikin gona, ya ce, "Kai yaro, dubi ruwan nan. In ya taho da ƙarfi, ka taɓa ganin na tsaya a gabansa na ce masa tsaya? Ruwa ba ya jin tsawa. In ka sake shi kai tsaye sai ya cinye kunya ya tone shuka. Abin da ake yi shi ne a sa masa buhun ƙasa a baki, a karkata masa hanya, ya zaga, ƙarfinsa ya mutu, sa'an nan ya shiga fangali a hankali. Fitilar da suke nema tsawa ce. Wanda ya ga dama ya ji, wanda bai ga dama ba ya wuce." Mahaifina bai yi boko ba, bai kuma taɓa jin sunan injiniyan hanya ko ɗaya ba. Amma da na zo jami'a na shiga bincike a kan wannan al'amari, sai na tarar abin da ya faɗa mini a bakin magudana shi ne ginshiƙin maganar masana.

Mu ɗauki danja tukuna. Ta farko a duniya an kafa ta a Landan a watan Disamba na 1868, kusa da majalisar dokoki, da iskar gas take aiki, ɗan sanda ne ke juya ta da hannu. Ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan rauni, aka cire ta. Mai aiki da lantarki ta bayyana a birnin Cleveland na Amurka a 1914. Aikinta shi ne raba lokaci: ku tsaya, ku kuma ku wuce, sa'an nan a juya. Dabara ce mai kyau, ba na musu. Sai dai tana tsaye ne a kan ƙafafu uku, kuma in ɗaya ta karye duk ta faɗi. Na farko sai da wuta. Na biyu sai da mai gyara, wanda zai zo in ƙwai ya mutu ko na'ura ta rikice. Na uku, wanda ya fi duka, sai da biyayya.

Kowa a cikinmu ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan, balle a ƙauye. Za a ce ai yanzu akwai mai aiki da hasken rana. Gaskiya ne, amma farantinta yana son a riƙa share masa ƙurar hunturu, batirinta yana da wa'adi, kuma yana da kasuwa a wurin ɓarayi. Danjar da ta mutu kuwa ta fi rashin danja haɗari, domin kowane direba yakan ɗauka shi ne da hannu. Batun biyayya kuma, ku tsaya a kowace danja a birni da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ku ƙirga masu tsayawa in ta nuna ja. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, an kuma kafa KAROTA a Kano a 2012, amma ba hukumar da take da ma'aikatan da za ta tsayar a kowace mahaɗa dare da rana. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Danja ba ta rage gudun wanda ta ba kore. Hasali ma direban da ya hango kore daga nesa ƙara wuta yake yi don kada ta canza kafin ya iso. Saboda haka ranar da wani ya saɓa, karon da za a yi na cikakken gudu ne, kuma a gefe, inda ba abin da ya raba mutum da mutuwa sai ƙyauren mota. Mai babur kuwa ko ƙyauren ba shi da shi.

Yanzu mu juya ga shataletale. Abokina ya ce tsohon yayi ne, kuma ta wani ɓangare yana da gaskiya, domin an yi manyan da'irori na zagayawa a New York a 1905 da Paris a 1907. Waɗancan na farko faɗi gare su, mota takan shiga da gudu, kuma a da yawansu mai shigowa ake ba hannu, saboda haka da motoci suka yi yawa sai da'ira ta cika ta kulle kanta. Gyaran ya zo ne daga Ingila, inda injiniyoyin cibiyar binciken hanyoyi, cikinsu har da wani mai suna Frank Blackmore, suka yi ta gwaji, har a 1966 aka kafa doka guda a duk ƙasar: wanda yake cikin da'ira shi ne da hannu, mai shigowa ya jira. Daga nan aka rage girman da'irar, aka kuma tanƙwara bakin kowace hanya, yadda mota ba za ta iya miƙewa ta ratsa ba sai ta karya sitiyari. Wannan shi ne shataletale na zamani, kuma ya girmi danjar lantarki da ƙuruciya, in ji masu iya magana, watau ita ce ma tsohuwar.

Amfaninsa na farko shi ne wanda mahaifina ya faɗa. Ba ya roƙon direba ya rage gudu, hanyar ce da kanta take tilasta masa. Mai ladabi da marar ladabi, mai lasisi da wanda ya koyi tuƙi a tasha, wanda yake ganin jami'i da wanda ba ya gani, duk sai sun sauko wajen kilomita 30 ko 40 a sa'a, in ba haka ba su hau kan tsibiri. Na biyu, yana rage wuraren karo. Masana sun ƙirga cewa a mahaɗar hanya huɗu ta kullum akwai wurare 32 da hanyar wata mota take iya cin karo da ta wata, amma a shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai. Na uku, kowa gefe guda yake fuskanta, saboda haka ba gaba-da-gaba, ba kuma sara a tsakiyar ciki, sai dai goga. Na huɗu, mai shigowa gefe ɗaya kawai zai duba, watau hagunsa, maimakon ya raba ido uku kamar yadda yayana ya yi. Na biyar, ba ya cin wuta, ba ya mutuwa, ba kuma ɓarawon da zai ɗauke shi.

Wannan ba zato ba ne. A 2001 an buga sakamakon wani bincike a Amurka a kan mahaɗai 24 da aka mayar shataletale, waɗanda a da danja ko allon tsayawa ke kula da su. An ga haɗurra gaba ɗaya sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, waɗanda ake jin rauni sun ragu da kashi 76, waɗanda ake mutuwa ko nakasa kuwa sun ragu da kimanin kashi 90. Mai karatu ya lura da waɗannan alƙaluma: shataletale bai hana karo duka ba, amma ya mayar da yawancinsa daga aikin likita da mai haƙa kabari zuwa aikin mai gyaran jikin mota. Faransa ta ɗauki wannan tsari a shekarun 1980, yau tana da dubun dubatarsu. Wani gari mai suna Carmel a jihar Indiana ta Amurka ya cire kusan duk danjojinsa, yana da shataletale fiye da 150. Waɗannan fa ƙasashe ne da ba a ɗauke musu wuta. In su sun ga ya fi musu, ina ga mu? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma in an kwatanta da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba a wannan asara.

Amma kada in yi wa abokina rashin adalci. Cunkoson da muka shiga a ranar nan gaskiya ne, kuma shataletale yana da iyakarsa. Idan motoci suka wuce abin da da'ira za ta iya ɗauka, ko kuwa hanya ɗaya ta fi sauran cika ƙwarai har ta hana su shiga, to dole a nemi wata dabara. Abin da ya sa ke nan aka yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kuma mayar da shataletalen Dangi da na Hotoro gadoji zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. A tsakiyar birni, inda ba fili kuma masu tafiya a ƙasa suke da yawa, danja tana da gurbinta, musamman domin makafi da tsofaffi da 'yan makaranta, waɗanda suke bukatar a tsayar musu da motoci cik kafin su tsallaka. Shataletale mai layi biyu ko uku yana wahalar da mai keke. A kan babban titi kuma, in za a yi shi, sai an sa alamu tun daga nesa, an sa fitilu ko abin da ke ƙyalli da daddare, an kuma bar wa tirela faɗin da za ta juya ba tare da lodinta ya rinjaye ta ba. In ba a yi haka ba, maganin sai ya zama cuta. Abin da nake cewa shi ne, gada kuɗinta ba kaɗan ba ne, ba kuma za a yi ta a kowace kwanar ƙauye ba, danja kuma ba za ta rayu a can ba. A mararrabar garuruwanmu da mashigar kasuwanninmu na amfanin gona, inda fili yake da yawa amma wuta da jami'i suke da wuya, shataletale ne ya dace da halinmu.

Sa'an nan akwai laifin da yake namu. Abin da ya kulle mu a ranar nan ba da'irar ba ce, rashin bin dokarta ne. Kowa ya kutsa kai ba tare da ya jira na ciki ya fita ba, watau mun mayar da shataletalen 1966 ya koma na 1905. Dokar ƙasar nan a fili take: a ba wanda yake zagayowa daga hagu hannu. Amma ku tambayi direbobi goma a tasha, ku ji amsa nawa za ku samu. A wurin da yawansu dokar ita ce babbar mota ta fi ƙarama, mai ƙarfin hali ya fi mai kunya. Haka kuma mun ɗauki shataletale wurin ado. A 2017 an yi wani dogon gini a shataletalen ƙofar Gidan Gwamnatin Kano don tunawa da cikar jihar shekara 50, a watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe shi, tana cewa ya yi tsawo yana tare gani. An yi makonni ana cacar baki a rediyo da Facebook a kan wannan gini. Ban ce kada a yi ba, amma da za mu ba tambayar wa ke da hannu a cikin da'ira rabin wannan zafin, da an tsira da ƙafafu masu yawa.

Wani zai ce ai mutanenmu ba sa koyuwa. Wannan magana tarihi ya ƙaryata ta. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan baki ɗaya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. A rana ɗaya kowane direba ya sauya abin da hannunsa ya saba da shi, kowane shataletale ya juya zagayensa. Kakana, wanda yaron mota ne a lokacin, yakan ba mu labarin yadda aka yi ta shela a rediyo da tashoshin mota tun kafin ranar, har yaro da tsohuwa suka san da canjin hannu. Mutanen da yawancinsu ba su yi boko ba sun koyi wannan babban abu domin an gaya musu da harshensu, an kuma nanata. Dokar shataletale ba ta kai wannan wuya ba, jimla ɗaya ce: na ciki ya fita kafin na waje ya shiga. Ko a ƙofar masallaci ranar Juma'a mun san wannan.

Nan ne nake ganin mu 'yan Ƙungiyar Hausa muke da aiki. Mu ne muke taƙama da sanin harshe. Me zai hana mu tsara wannan doka cikin gajerun kalmomi masu daɗin faɗi, mu yi wasan kwaikwayo a kanta, mu kai gidajen rediyo, mu shiga tashoshin mota da wuraren 'yan A Daidaita Sahu? 'Yan'uwanmu na sashen injiniya kuma su fita daga aji su je Kura da Bunkure da Madobi lokacin kakar tumatir, su zauna a bakin kwana su ƙirga motoci, su tambayi masu shayi da masu faci sau nawa aka yi karo a nan bana, domin su ne suke da lissafin da ba ya cikin kowane ofis. Da irin wannan shaida a hannu ake tunkarar hukuma, ba da kututture a kan kwalta ba.

Ranar da aka kawo yayana gida, masu zuwa jaje kowa cewa yake ƙaddara ce. Mun yarda, ba mu ja da wannan ba. Amma ban taɓa ganin manomin da ya bar bakin magudana a buɗe ya tafi gida ya ce in gona ta cinye ƙaddara ce ba. Yakan sa buhun ƙasarsa tukuna, sa'an nan ya bar wa Allah sauran. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, mu kuwa a gidanmu mun san kuɗin magani.

Da na je hutu na karanta wa yayana wannan rubutu a shagonsa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, ni dai abin da na sani, da motar nan a hankali take tafe, da yanzu ina gona." Abokina ɗan birni kuwa, ga amsarka nan. In har yanzu kana kan bakanka, filin mujalla a buɗe yake, sai ka kawo taka hujjar a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.